Saukar Baƙon Inji: Yadda Ake Ɗora wa Tsohuwar Mota Wani Inji a Ƙofar Gida

Duk wanda ya tashi a Sabo ya san ƙa'idar saukar baƙo. Tun da Turawan mulki suka keɓe wa Hausawa wannan unguwa ta Ibadan a 1916, fataken shanu da na goro ba sa faɗowa gari kara zube. Kowa da maigidan da zai sauka a wurinsa, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice. Har wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar ya rubuta littafi kan wannan tsari, aka buga shi a 1969.

Inji ma baƙo ne, motarka kuwa masauki. Kuskuren da ke kwantar da motoci wata da watanni a ƙofar gida shi ne mutum ya ɗauka injin zai zo shi kaɗai. Da danginsa yake tafe: giyarsa, wayoyinsa, ƙwaƙwalwarsa, famfon mansa, lagiretonsa, har da takardunsa. Wanda ya yi wa dangin shimfiɗa tun kafin baƙon ya iso, cikin mako guda zai ji kukan injinsa. Wanda bai yi ba, kaji za su yi ƙwai a ƙarƙashin motar.

Mutuwa ya yi ko suma?

Kafin ka ɗauki sifana, tabbatar tsohon injin ya gama yawo. Shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai galibi ciwon ringi ne. Ƙwanƙwasa daga ƙasan inji alamar metal ce. Duk waɗannan ana gyara su muddin gangar jikin injin lafiya take. Sa makanike ya auna matsin kowace silinda. Idan ɗaya ce kawai ta yi ƙasa, wataƙila bawul ne ko gaskit. Amma idan gangar ta tsage, ko sandar fistin ta ɓula ta, ko an goge karanshaf har ya kai awon ƙarshe, to injin ya buga bugun da ba tashi. Kashe masa kuɗi zuba ruwa ne a rariya.

Akwai kuma masu canji alhali injinsu lafiya lau. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, masu mota mai filogi 6 da dama suka fara neman mai filogi 4. Wannan ma dalili ne, sai dai a yi lissafi da alƙalami: a cikin wata nawa rarar man za ta biya kuɗin aikin?

Baƙi iri uku ne

Na farko ɗan uwa na jini. Misalinsa ƙaramar Nissan Micra, wadda ta cika titunan Ibadan tana haya daga Mokola zuwa Sango da Ojoo. Ƙirar da ake kira K11 ta fito a 1992, kuma na Turai a garin Sunderland na Ingila aka haɗa su. Injinta na lita 1.0 sunansa CG10DE, yana ba da ƙarfin doki kusan 54. Yayansa na lita 1.3, wato CG13DE, yana ba da 75. Gida ɗaya suka fito, mazauninsu ɗaya, don haka ɗora babban a gurbin ƙaramin shi ne canji mafi sauƙi. Duk da haka akwai tarko. Injinan kafin 2000 da distiribita suke aiki, na bayan nan kuwa kowane filogi da kwayil ɗinsa, kuma wayoyin ɗaya ba sa shiga ɗaya. Nemi injin zamanin motarka, tare da ƙwaƙwalwar 1.3 ɗin, domin ta 1.0 ba ta san cikin yayan ba, ba za ta auna masa mai daidai ba. Duba faɗin farantin kuloci ma, don ba kullum suke zuwa ɗaya ba.

Na biyu maƙwabci: kamfani ɗaya, gida daban. Toyota Camry ta 1997 zuwa 2001 ta zo da inji biyu, 5S-FE mai lita 2.2 da 1MZ-FE mai lita 3.0 da filogi 6. Ta 2002 zuwa 2006 kuma ta zo da 2AZ-FE mai lita 2.4. Sauka daga filogi 6 zuwa 4 mai yiwuwa ne tunda kamfanin ya ƙera jikin motar don ɗaukar duka biyun, amma sai ka sayi gidan gaba ɗaya: inji, giya, sitin inji, shaf, bakin salansa, damin wayoyi da ƙwaƙwalwa.

Na uku bare. Ɗauki Peugeot 504, motar da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗawa shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Injinta XN1 mai lita 2.0 a kishingiɗe yake gefe guda, kuma a salun da wagon farfelarta a cikin bututun ƙarfe take, manne da bayan giya. Duk wanda zai sa mata injin Japan sai ya ƙera sabon mazauni, ya duba ko bonet zai rufu tunda baƙon a tsaye yake, ya kuma warware yadda giya za ta haɗu da wancan bututu. Wannan aikin mai walda ne da mai injin sassaƙa ƙarfe. Idan karon farko ne, kada ka fara da shi. Injin 505 na gida ɗaya da nata ya fi kusa, ya fi araha a ƙarshe.

Ko wane iri ka zaɓa, auna ramin injin da tef: tsawo, faɗi, zurfi, da tazarar da ke tsakanin inji da lagireto. Rubuta a takarda ka sa a aljihu.

Cefane a Gate ko Ladipo

A Ibadan, kasuwar kayan mota ta Araromi da ke Agodi Gate ita ce wurin farawa. Abin da ya gagara a nan akan gangara Ladipo a Legas, kamar yadda mutumin Kano zai nufi Ƙofar Ruwa, na Kaduna ya nufi Panteka. Za a nuna maka iri biyu: tokunbo, kalmar Yarabawa mai nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku, wanda a Arewa ake ce wa Beljiyam, da kuma wanda aka ciro daga motar da ta sha wuya a nan gida. Wanki da fenti suna mayar da na biyu kamar na farko, saboda haka tafi da makanikenka, kuma kada ƙyalli ya ruɗe ka. Injin da aka wanke tas har ba ƙura a lungunsa, akwai abin da ake ɓoyewa.

Ga abin da za ku duba:

- Lambar da aka buga a jikin gangar injin. Ita ce sunansa na gaskiya, ba abin da mai shago ya faɗa ba.
- Sa sifana a kan karanshaf a juya shi zagaye biyu. Ya juya da nauyin da ke zuwa yana wucewa, ba tare da cijewa ba.
- Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa. Baƙin dasƙararren maiƙo alamar an yi sakaci da juyen mai. Fari-fari kamar madara kuwa ruwa ne ya haɗu da mai. Ka bar shi.
- Kwance filogai ka jera su. Launinsu ya zama ɗaya. Wanda ya jiƙe da mai, ko ya yi fes fiye da 'yan uwansa, yana ba da labarin silindarsa.
- Wayoyi. Masu sauke inji a Turai da almakashi suke aiki. Nemi damin da ba a yanke ba, da soket-soket ɗinsa lafiya.
- Daga mota mai giyar hannu aka ciro shi ko otomatik? Fulawil ɗinsu ba ɗaya ba ne.

In da hali, a tayar maka da shi a ƙasa ka ji muryarsa. Sayi injin da altanetarsa, kik ɗinsa, maƙogwaron iskarsa, da ƙwaƙwalwarsa, wadda makanikai ke kira birenbos. Idan motar tana da tsarin hana sata, irin wanda Nissan ke kira NATS, sai ka haɗa da makullin da aka ɗaura wa ƙwaƙwalwar, in ba haka ba injin zai yi ta juyi ba zai kama ba. Ni kaina na taɓa barin wannan makulli a shago don ragin da bai taka kara ya karya ba. Mota ta yi mako uku a tsaye, na koma kasuwar sau biyu, na biya ninkin abin da na rage. Araha ba ta ado.

A rubuta lambar injin a risit, da sunan shago, da adadin kwanakin garanti. Sannan ka yi wa injin alama da fenti a idon mai shi, don kada a loda maka wani.

Kuɗin injin ba shi ne kuɗin aikin ba. Ware kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da ka tanada don tiyo, sitin inji, kuloci, mai, ladan rewaya da mai walda.

Wurin aiki

Gidajen Sabo a matse suke, mai gareji na gaske ɗaiɗai ne. Yawanci ƙofar gida ce ko wani ɗan fili. Nemi daɓen siminti mai shimfiɗa, ba gangare ba, kuma ka sanar da maƙwabta motar za ta kwana biyu ba ta motsa ba. Idan damina ce, tsakanin Afrilu da Oktoba, tanadi tamfol. Ruwan Ibadan ba ya sallama.

Inji mai filogi 4 yana kai kilo 100 zuwa 150, da giya ya fi haka. Hayo cen bulok mai ɗaukar tan 1 da ƙafafunsa uku na kakkauran bututu. Kada ka rataya shi a reshen mangwaro ko katakon rufi. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba: tokare motar da ƙafafun ƙarfe, ka sa wa tayoyin baya katako. Bulon siminti yana fashewa ba gargaɗi, kada ka shiga ƙarƙashin motar da aka ɗora a kansa.

Sai wuta. Unguwar tukuba ce da gawayi da janareta, tururin fetur kuwa a ƙasa yake rarrafe har ya iske garwashi. Ranar da za ka buɗe layin mai, kada a hura wuta kusa, kada a sha taba. Ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara. Yara kuma su yi kallo daga nesa.

Sauke tsoho

Fara da wayar hannunka. Ɗauki hoton kowane lungu na injin kafin ka taɓa komai, domin bayan kwana huɗu ba za ka tuna inda ƙaramin tiyon nan ya shiga ba.

Idan motar mai injekta ce, zare fis ɗin famfon mai ka tayar da ita har ta mutu da kanta, matsin da ke cikin layi ya sauka. Sannan cire kan batir, na baƙar waya tukuna. Zana wa maƙalan bonet layi kafin ka kwance shi, don ya koma daidai. Tatse baƙin mai, ruwa da man giya cikin mazubi, kada su bi kwata. A motar da ke ja da tayoyin gaba, sassauta manyan notin shaf tun tayoyi suna ƙasa.

Daga nan bi su ɗaya bayan ɗaya: lagireto da fanka, tiyoyi, wayar totur, wayar kuloci, sandar giya, salansa, shaf. Kowane soket ka cire, naɗa masa tef ka rubuta sunansa. Notuna kuwa kowane rukuni da gwangwaninsa. Kwamfuresar iyakwandishan a kwance ta daga jikin inji a ɗaure ta gefe da igiya, ba sai an buɗe bututunta gas ya tsere ba.

Sitin inji shi ne na ƙarshe, bayan sarƙa ta ɗauki nauyi. Ɗaga kaɗan, tsaya, zagaya ka duba. Kusan kullum akwai waya guda da aka manta, kuma galibi wayar at ce, mai haɗa jikin inji da jikin mota. Hannu ba ya shiga tsakanin inji da bango.

Jera su kafaɗa da kafaɗa

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace daraja, kuma ita masu gaggawa ke tsallakewa. Ajiye tsoho da sabo a kan tayoyi, kusa da juna, ka kwatanta su kamar mai sayen shanu a kara. Ramukan sitin inji ɗaya ne? Kwanon ƙasan injin zai kauce wa ƙarfen da ke gicciye a ƙasan mota? Bakin ruwa yana fuskantar inda tiyo zai iso? Sensa-sensa ɗin suna da soket iri ɗaya? Abin da ya bambanta, sau da yawa maganinsa ciro na tsohon a mayar wa sabon. Shi ya sa ba a sayar da tsohon inji ga 'yan gwangwan sai sabon ya yi wata guda yana aiki. Musamman sensar da ke aika wa agogon zafi saƙo: sa ta tsohon, ita ce ta san yaren agogon motarka.

Yanzu ne kuma lokacin canja duk abin da ke wuyar kaiwa idan inji ya shiga: robar da ke tare mai a bayan karanshaf, farantin kuloci da boris ɗinsa, famfon ruwa, tamostat, filogai. Injinan 5S-FE da 1MZ-FE da bel ake ɗaure lokacinsu, a sa sabo, don ba ka san shekarun wanda ya zo da shi ba. Micra da 2AZ-FE da sarƙa suke, sai dai a saurari ko tana kaɗawa. Kwance kwanon ƙasa ka wanke rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta.

Haɗa inji da giya

Notin fulawil da na kuloci da sifana mai awo ake ɗaure su, a gicciye, bisa awon da kamfani ya bayar. "Ja har sai ya yi ƙara" ba awo ba ne. Daidaita farantin kuloci a tsakiya da sandar saiti. Tabbatar ƙananan turakun nan biyu da ke saita giya da inji suna nan; sukan maƙale a jikin tsohon a manta da su.

Giya ta shiga da hannu har baki ya haɗu da baki. Idan ta tsaya saura kaɗan, juya karanshaf ka girgiza ta. Kada ka jawo ta da noti, fasa wani abu za ka yi. A otomatik kuwa, tulun man nan da ake kira kwanbata a jikin giya ake fara zaunar da shi, ana juyawa ana turawa har ya nutse matakinsa na ƙarshe. Wanda ya ɗaure shi bai gama zama ba ya karya famfon giya tun kafin a sa makulli.

Sauke injin cikin ramin a hankali, mutum ɗaya a sarƙa, biyu suna saiti. Sa duk notin sitin inji sako-sako, sai injin ya zauna da nauyinsa sannan a ɗaure. Ko'ina a bar tazarar da yatsa zai wuce, domin inji yana motsi idan ya ɗauki kaya. Idan an ƙera mazauni, a yi shi da ƙarfe mai kauri, kuma roba ta raba inji da shasi. Wanda ya yi walda kai tsaye, haƙoransa za su gaya masa.

Waya, mai da ruwa

Ko kai gwani ne, a nan kira rewaya wanda ya iya karanta zanen waya, ba mai gwada-a-gani da ƙwan fitila ba. Duk haɗi a yi masa dalma a rufe, kowane sabon layi a sa masa fis. Mayar da wayar at, ka kankare fentin wurin har ƙarfe ya fito.

Idan daga kafireto ka koma injekta, lura da wannan: kafireto matsin mai kaɗan yake so, bai kai rabin bar ɗaya a ma'aunin matsi ba, injekta kuwa wajen bar 3 take nema. Sai da famfon lantarki, da tiyo mai jure matsi, da layin mayar da rara zuwa tanki idan injin yana buƙata. Tiyon ruwa a layin fetur gobara ce da ke jiran rana.

Babban inji babban lagireto yake so. Kuma ka ƙi shawarar nan da ta zama ruwan dare, wai a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye tunda ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta yi ta ƙara masa mai. Ka canja inji don rage shan fetur, ka dawo gidan jiya. Zuba ruwan lagireto na gaske, ba na rijiya zalla ba, ka fitar da iskar da ta maƙale.

Tashin farko

Zuba baƙin mai da sabuwar tacewa, da man giya. Zare fis ɗin famfon mai, ka yi ta ba shi kik na daƙiƙa goma-goma har fitilar baƙin mai ta mutu. Injin ya yi watanni a kwantena da shago, cikinsa a bushe yake. Sannan mayar da fis, ka buɗe makulli ba tare da tayarwa ba, ka bi layin fetur da ido da hanci. Babu yoyo? To, bismilla.

Ɗan hayaƙi da ƙarar bawul na mintunan farko ba abin tsoro ba ne. Idan fitilar mai ta ƙi mutuwa, kashe nan take. Bar shi a silo har fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya. Leƙa ƙasa. Sa a jona masa na'urar bincike idan motar tana karɓa.

Gwaji a hankali ake yi. Fara da zagayen unguwa zuwa shataletalen Mokola. Idan lafiya, hau tudun da ke kai wa otal ɗin Premier. Hawan zai tona asirin kuloci da lagireto, gangaren kuma ya tona na birki. Ƙarin ƙarfi ko ƙarin nauyi a gaba yana neman birki da shokozoba da suka dace da shi. Kada ka hau babbar hanyar Legas sai motar ta yi kwanaki a cunkoson Dugbe da Iwo Road ba ta yi zafi ba. Bayan mako guda sake bin notuna, kuma kafin kilomita 1,000 ka juye man farko.

A kai baƙo gaban hukuma

Lambar injin da ke cikin takardun motarka yanzu ta tsohon ce. A shingen 'yan sanda, ko wurin jami'an VIO, bambancin lamba yana iya sa a ɗauke ka ɓarawon mota ko mai sayen kayan sata. Ɗauki risit ɗin nan mai lambar inji, da takardun mota, ka je ofishin lasin a shigar da canjin, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka. Ajiye kwafi a mota, asalin a gida. Ranar da za ka sayar da motar, wannan takarda ce za ta hana mai saye ya ja da baya.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya tashi. Mutanen Sabo sun san ba kowane baƙo ba. Kakanninsu da niyyar sayar da shanu su koma suka zo, ga jikoki nan bayan shekara ɗari da 'yan kai, suna ciniki da Yarabanci suna mafarki da Hausa, domin an yi musu masauki mai kyau an kuma san da zamansu. Yi wa injinka haka. Ranar da ka tsaya a Mokola wani tsohon direba ya kasa kunne ya ce, "Malam, wannan injinta ne na asali?" ka san baƙonka ya zama ɗan gari.